Yadda Ake Gano Matsalar DHCP da DNS a Hanyar Sadarwa ta Cikin Gida

Duk wanda ya taɓa kula da kwamfutocin ofis ko na makaranta ya san maganar da ake fara kawo masa ƙara da ita, wato "intanet ya ɗauke." A mafi yawan lokuta kuwa intanet ɗin yana nan lafiyarsa ƙalau, abin da ya tsaya shi ne ɗaya daga cikin hidimomi biyu da ba a tunawa da su sai ranar da suka samu tangarɗa. Ta farko ita ce DHCP, wadda ke ba kowace na'ura adireshin da za ta yi aiki da shi da zarar ta shigo hanyar sadarwa. Ta biyu ita ce DNS, wadda ke karɓar suna irin example.com ta mayar da lambobin adireshin da na'urori ke ganewa. A idon mai amfani da kwamfuta, duk wadda ta lalace a cikinsu abu ɗaya yake gani: shafi ya ƙi buɗewa, firinta ta ɓace, ma'ajiyar fayilolin da ake rabawa ta daina samuwa. Shi kuwa mai gyara, aikinsa na farko shi ne ya raba su, domin maganin wannan ba ya yi wa waccan aiki.

Abin da ke sa a riƙa cakuɗa su shi ne ɗaya tana hannun ɗaya. DHCP ba adireshi kaɗai take bayarwa ba, tana haɗawa da ƙofar da na'ura za ta bi ta fita waje, da kuma adireshin sabar DNS ɗin da za ta riƙa tambaya, wato kwamfutar da ke ba da wannan hidimar. Idan ta ba da sabar DNS da ba daidai ba, kwamfuta za ta kasa gano sunaye, mai gyara ya shafe awa guda yana tone-tone a sabar DNS wadda ba ta da laifin komai, ya zama an bar jaki ana dukan taiki. Saboda haka bincike yana da tsari wanda bai kamata a juya shi ba: a fara tabbatar da cewa na'ura ta samu adireshi, sannan a duba ko adireshin na wannan gidan ne, sannan a gwada ko tana isa ga wasu na'urori ta lamba, sai daga ƙarshe a taɓa batun sunaye.

Ina kuma ba da shawarar a danne zuciya kafin a kashe rauta a kunna, wato na'urar da ke haɗa hanyar sadarwar gida da waje. Gaskiya ne yin haka yana kawar da matsalar a lokuta da dama, amma yana kawar da shaidar da za ta nuna dalilinta, kuma gobe ko jibi matsalar za ta dawo ba tare da an ƙaru da komai ba. Minti biyu na karanta allo kafin a taɓa soket sun isa.

Karanta abin da kwamfutar ke riƙe da shi

A kwamfutar Windows, a buɗe tagar umarni a rubuta `ipconfig /all`. A Linux, `ip addr` yana nuna adireshi, `ip route` yana nuna ƙofar fita, `resolvectl status` kuma yana nuna sabar DNS a tsarin da ke amfani da shi. A Mac, `ipconfig getpacket en0` yana fito da ainihin amsar da DHCP ta bayar, `scutil --dns` kuma yana nuna inda ake kai tambayar sunaye. Sakamakon yana da tsawo, musamman a Windows inda ake jero katunan sadarwa na gaske da na kwaikwayo, don haka a nemi katin da ake aiki da shi a lokacin, na kebul ko na Wi-Fi, a yi watsi da sauran. A ƙarƙashinsa layuka shida ne ke da amfani: ko an kunna DHCP, adireshin na'urar, lambar da ke shata iyakar rukuninta wadda galibi take 255.255.255.0, ƙofar fita, adireshin sabar DHCP da ta ba da hayar adireshin, da jerin sabar DNS. Hanya mafi sauƙi ta gane kuskure ita ce a rubuta wannan umarnin a wata kwamfuta ta kusa da ke aiki daidai, a ajiye sakamakon biyu gefe da gefe. Layin da ya sha bamban a tsakaninsu, baya ga lambar ƙarshe ta adireshi, can ne bakin zaren yake.

Kafin a wuce, a duba layin farko da kyau. Idan ya nuna ba a kunna DHCP ba, to wani ne ya taɓa shigar da adireshi da hannu, wataƙila shekara guda da ta wuce don saita wata na'ura, ya manta bai mayar ba. Irin wannan kwamfutar ba ta tambayar kowa adireshi, kuma duk gyaran da za a yi a saba ba zai taɓa ta ba.

Adireshin da ya fara da 169.254

Wannan ita ce alama mafi fitowa fili. Na'urar da ta nemi adireshi ba ta samu amsa ba, takan zaɓa wa kanta ɗaya daga cikin rukunin da ya fara da 169.254, kuma ba ta samun ƙofar fita. Ma'anarsa ita ce katin sadarwar yana raye, yana ganin an haɗa shi da wani abu, amma kiran da ya yi bai samu mai amsawa ba. Domin a gane inda kiran ya maƙale, dole a san yadda cinikin yake gudana. Ƙa'idar DHCP da ake bi a yau an rubuta ta a 1997, an kuma gina ta ne a kan wata tsohuwa mai suna BOOTP ta 1985, shi ya sa har yanzu suke amfani da tashoshi ɗaya, wato lambobin da ke nuna hidimar da saƙo ya nufa, 67 ga saba da 68 ga mai nema, duka a kan UDP, hanyar aika saƙo ba tare da an fara ƙulla haɗi ba. Saƙonni huɗu ake musanya. Na'ura tana shela ga duk wanda ke rukunin cewa tana neman adireshi, saba ta yi mata tayin ɗaya, na'urar ta ce ta karɓi tayin, sabar ta tabbatar mata. Saƙon farko shela ce saboda na'urar ba ta da adireshin kanta tukuna, ba ta kuma san inda sabar take ba, kuma shela irin wannan ba ta tsallake rauta. Kusan dukkan matsalolin wannan mataki daga wannan gaskiyar suke fitowa.

Tambayar da za a yi nan take ita ce na'ura nawa abin ya shafa. Idan ɗaya ce tak, a nemi laifin kusa da ita: kebul ɗin da ya ji jiki, ramin da ya mutu a swici, wato akwatin da kebul ɗin kwamfutoci ke haɗuwa, ko ramin da aka saita shi a wani VLAN dabam, wato rukunin da aka ware ta saitin swici, wanda babu sabar DHCP a cikinsa. Gwajin ba shi da wahala, a cire kebul ɗin kwamfutar da ke aiki a soka a wadda ba ta aiki. Idan ta samu adireshi, an wanke kwamfutar, laifin yana kebul, bango ko swici. Idan ɗaki guda ne ko hawa guda na gini ya rasa adireshi alhali sauran suna samu, to a duba mai isar da saƙo, wato saitin da ke kan rauta wanda ke ɗaukar shelar wani rukuni ya miƙa ta ga sabar da ke wani rukunin. A na'urorin Cisco layin `ip helper-address` ne ke wannan aikin, kuma abin da ya fi faruwa shi ne a sauya adireshin sabar DHCP a manta ba a gyara wannan layin ba.

Idan kuwa na'urori ne a warwatse ko'ina suke faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, to a tuna cewa adireshi haya ce mai wa'adi. Na'ura tana neman sabunta hayarta idan rabin wa'adin ya wuce, idan ba ta samu sabar da ta ba ta ba sai ta ci gaba da gwadawa har kashi 87.5 cikin ɗari na wa'adin ya cika, sannan ta yi shela ga kowace saba, kuma ba ta sakin adireshin sai wa'adin ya ƙare gaba ɗaya. Sabar DHCP ta Windows tana zuwa da wa'adin kwana 8 idan ba a sauya ba, wato na'ura za ta nemi sabuntawa a kwana na 4, ta sake gwadawa da shela a kwana na 7. Saboda haka sabar tana iya mutuwa ranar Litinin ba wanda ya sani, sai dai baƙon da ya zo da kwamfutarsa ya kasa shiga, a ɗauka laifin kwamfutarsa ne, sai ƙarshen mako ƙararraki su fara yawa. Duk lokacin da tsofaffin na'urori ke aiki sababbi suna kasawa, a je kai tsaye a duba ko hidimar tana gudana a sabar. Nan ne kuma zan yi gargaɗi game da umarnin `ipconfig /release`, wanda mutane ke rubutawa ba tare da tunani ba. Idan sabar a mace take, wannan umarnin yana jefar da hayar da ke aiki, a wayi gari kwamfutar da take lafiya ta shiga sahun marasa adireshi. Idan kuma daga nesa ake sarrafa kwamfutar, mai gyara ya yanke igiyar da yake rataye da ita. A fara da `ipconfig /renew` shi kaɗai, a karanta saƙon da zai bayar.

Alamar nan ta tsofaffi suna aiki sababbi suna kasawa ɗaya ce da ta ƙarewar rumbun adireshi, wato jerin adireshin da sabar ke rabawa, wanda a ganina shi ne ya fi yawa a wuraren da mutane ke shiga da fita. Rukuni mai lambar iyaka 255.255.255.0 yana da adireshi 254 da za a iya amfani da su, kuma ƙananan rauta da yawa ba sa ba da dukkansu, sukan ware hamsin ko ɗari. Kowane mutum ɗaya a yau yana iya zuwa da kwamfuta da waya da agogo, kowanne da hayarsa. Ƙari a kan haka, tun daga Android 10 da iOS 14 wayoyi suna ɓoye lambar katin sadarwarsu ta asali, wadda sabar ke gane na'ura da ita, su nuna wata ta daban, kuma idan lambar ta sauya, sabar tana ɗaukar wayar a matsayin sabuwar na'ura ta ba ta wani adireshi alhali tsohon yana riƙe har wa'adinsa ya cika. A buɗe jerin hayoyi a sabar a ƙirga. Idan ya cika, gyaran gaggawa shi ne a goge hayoyin na'urorin da aka tabbatar sun tafi, gyaran dindindin kuwa shi ne a faɗaɗa rumbun ko a rage wa'adin. Ga Wi-Fi na baƙi, awa biyu zuwa takwas sun wadatar, babu dalilin da zai sa wanda ya zo taron yini ɗaya ya riƙe adireshi na mako guda.

Akwai wani ƙaramin abu da ke ruɗa mutane a manyan swici. Tsohon tsarin hana kewayen saƙo yana riƙe rami na kusan daƙiƙa 30 kafin ya bar saƙo ya wuce, kwamfuta mai saurin tashi sai ta yi shelarta cikin wannan lokacin ta rasa amsa, bayan ɗan lokaci kuma komai ya daidaita da kansa. Idan ƙarar ita ce "da safe ba ya aiki sai an ɗan jira," a saita ramukan kwamfutoci su buɗe nan take, abin da Cisco ke kira PortFast.

Adireshi ya samu, amma ba na gidan ba ne

Wannan ya fi na baya wahalar ganewa, domin allon yana nuna lambobi masu kama da na gaskiya. Na taɓa shafe rabin yini a wani ofis inda kusan kashi ɗaya cikin uku na kwamfutoci suka daina ganin firinta da sabar fayiloli, sauran kuwa suna aiki, kuma waɗanda suka lalace yau ba su ne na jiya ba. Ofishin yana amfani da adireshi masu farawa da 10, amma da na ajiye sakamakon `ipconfig /all` na kwamfutoci biyu gefe da gefe, sai na ga ɗaya tana riƙe da 192.168.0.103, kuma layin sabar DHCP yana nuna 192.168.0.1, na'urar da babu ita a cikin takardun ofishin. Na yi mata `ping`, umarnin da ke gwada ko na'ura tana amsawa, na rubuta `arp -a` na ɗauko lambar katinta, na nemi lambar a teburin swici, ya nuna mini ramin da take. Da na bi kebul ɗin, sai ga wata ƙaramar rauta a bayan durowa, ƙura ta rufe ta, fitilunta suna ƙiftawa. Wani ma'aikaci ne ya kawo ta don Wi-Fi bai isa kujerarsa ba, ya soka kebul ɗin bango a ɗaya daga cikin ramukanta na ciki maimakon ramin waje. Ba da mugun nufi ya yi ba, amma rautar ta zama sabar DHCP ta biyu, kuma na'ura mai neman adireshi galibi tayin da ya fara iso mata take karɓa. Shi ya sa matsalar ke yawo daga tebur zuwa tebur.

Wanda ke zargin irin wannan zai iya tabbatarwa da manhajar Wireshark, ya tace da kalmar `dhcp`, ya saki haya ya nemi sabuwa, ya ƙirga tayi nawa suka zo. A Linux, `tcpdump -n port 67 or port 68` yana nuna abu ɗaya. Tayi biyu daga adireshi biyu mabambanta, alhali an san saba ɗaya aka kafa, ya gama magana. Bayan an cire baƙuwar rautar, kwamfutocin da suka karɓi hayarta ba sa gyaruwa da kansu nan take, sai an saki hayar an nemi sabuwa, kuma a nan ne `ipconfig /release` ke da amfani. Idan swicin yana da saitin sa ido kan DHCP, wanda ke hana kowane rami ba da tayi sai wanda aka amince da shi, a kunna shi, a kuma tabbata an amince da ramin sabar ta gaskiya da ramukan da ke haɗa swici da swici, in ba haka ba za a toshe ta ita ma.

Rikicin adireshi ɗaya a hannun na'urori biyu ɗan uwan wannan ne. Yawanci firinta ce ko kyamara da aka ba adireshi da hannu daga cikin rumbun da DHCP ke rabawa. Ranar da firintar take kashe, sabar ta ba wata kwamfuta wannan lambar, da aka kunna firintar sai su biyun suka shiga kokawa, kowace tana aiki tana yankewa. A sabar Windows irin wannan adireshin yakan bayyana a jerin hayoyi da alamar BAD_ADDRESS. Gyaran shi ne ko dai a fitar da adireshin daga rumbun, ko kuma, wanda na fi so, a bar firintar a kan DHCP a keɓe mata adireshi ta lambar katinta, domin ta haka duk adireshin gidan suna rubuce a wuri ɗaya.

Lamba tana aiki, suna ba ya aiki

Idan adireshi daidai ne, sai a gwada hanya ta lamba zalla. A yi `ping` ga ƙofar fita, sannan ga wani adireshi na waje da aka sani, kamar 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare. Idan ƙofar ta amsa amma na waje bai amsa ba, matsalar tana tsakanin rauta da kamfanin da ke ba da intanet, ba ruwan DNS. Idan duka sun amsa amma `ping example.com` ya ce bai gano sunan ba, yanzu ne aka iso ƙofar DNS. A lura cewa katangar tsaro ta Windows sau da yawa tana hana kwamfuta amsa `ping`, don haka shirun wata kwamfuta ba hujja ba ce cewa a mace take.

Kayan aikin nan shi ne `nslookup`, ko `dig` a Linux da Mac. A rubuta `nslookup example.com` a ga sabar da aka tambaya da abin da ta ce, sannan a rubuta `nslookup example.com 1.1.1.1` domin a kai tambayar ga wata saba ta waje. Idan ta waje ta amsa ta gida ta yi shiru, an gano mai laifi. Amma ba kowace gazawa ce iri ɗaya ba, kuma irin amsar da aka samu tana nuna inda za a nufa. Idan lokaci ya ƙare ba amsa, to tambayar ba ta isa ba, ko hidimar a kashe take, ko katangar tsaro ta toshe tasha ta 53, wadda DNS ke amfani da ita. Amsar NXDOMAIN na nufin sabar tana raye kuma ta ce babu wannan sunan, don haka a duba rubutun sunan da kuma ko an shigar da shi. Amsar SERVFAIL na nufin sabar ta yi ƙoƙari ta kasa, galibi saboda sabar da take miƙa wa tambayoyin waje ba ta samuwa, ko kuma tantance sa hannun DNSSEC, tsarin da ke tabbatar da sahihancin amsa, ya gaza, abin da agogon da ya kauce sosai yake iya jawowa. Amsar REFUSED kuwa ƙi ne da gangan: an saita sabar ta amsa wa wasu rukunai kawai, kuma mai tambayar ba ya cikinsu, abin da ake yawan gani bayan an buɗe sabon rukuni ba a ƙara shi a jerin ba.

Game da tasha ta 53, masu saita katangar tsaro da dama suna buɗe UDP su manta da TCP, ɗaya hanyar aika saƙo wadda ke fara ƙulla haɗi. Ƙa'idar DNS, wadda Paul Mockapetris ya tsara a 1983 aka kuma sabunta ta a 1987, ta ƙayyade amsar UDP ga bayit 512, kuma ko da yake an faɗaɗa wannan daga baya, amsar da ta yi girma har yanzu tana komawa TCP. Idan an toshe shi, yawancin sunaye za su yi aiki, 'yan kaɗan su ƙi, kuma irin wannan matsalar tana iya cin kwanaki kafin a gano ta. Umarnin `dig +tcp example.com` yana warware zargin cikin daƙiƙa guda.

Akwai bambanci tsakanin `nslookup` da `ping` wanda ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi kansa kayan bincike ne. Shi `nslookup` kai tsaye yake zuwa wurin saba, ba ya duba abin da kwamfutar ta adana. Shi kuwa `ping`, kamar sauran manhajoji, yana bi ta fayil ɗin hosts, inda ake rubuta sunaye da adireshinsu da hannu, da ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfutar kafin ya tambayi kowa. Idan su biyun suka ba da adireshi mabambanta ga suna ɗaya, to laifin yana cikin kwamfutar. A buɗe fayil ɗin hosts, wanda ke `C:\Windows\System32\drivers\etc\hosts` a Windows da `/etc/hosts` a Linux da Mac, a duba ko wani ya taɓa rubuta sunan da tsohon adireshi. Idan babu, a duba ma'ajiyar da `ipconfig /displaydns`, a share ta da `ipconfig /flushdns`, ko `resolvectl flush-caches` a Linux. Kowace amsa ta DNS tana zuwa da adadin daƙiƙoƙin da aka yarda a riƙe ta, kuma har amsar "babu wannan sunan" ana adana ta na wani lokaci. Wannan ne dalilin da zai sa a shigar da sabon suna a sabar, amma kwamfutar da ta neme shi minti biyar kafin a shigar ta ci gaba da cewa babu shi.

Kuskuren da na fi cin karo da shi a ofisoshin da ke da sabar DNS tasu shi ne sanya sabar gida a layi na farko, a sanya 8.8.8.8 a layi na biyu, da tunanin cewa idan ta gida ba ta san suna ba za a tambayi ta waje. Ba haka tsarin yake aiki ba. Kwamfuta tana komawa ga saba ta biyu ne idan ta farko ta yi shiru, kuma idan ta koma tana iya zama a can na wani lokaci. Sabar waje ba ta san sunayen cikin gida ba, za ta ce babu su, kwamfutar kuma ta yarda ta adana. Sakamakon shi ne intanet yana aiki sumul, amma sabar fayiloli tana ɓacewa tana dawowa ba tare da wani dalili da ake gani ba. A wurin da ake amfani da Active Directory, tsarin Microsoft na kula da asusun masu shiga kwamfutoci, abin ya fi muni, domin kwamfutoci suna gano sabar da ke tantance masu shiga ne ta wasu bayanai na musamman a DNS na gida, idan ba su same su ba shiga kwamfuta kanta takan yi jinkiri ko ta gagara. Daidai shi ne duk sabar DNS da DHCP ke rabawa su zama na gida, su kuma a saita su su riƙa miƙa tambayoyin waje ga sabar waje.

Burauza ma tana iya kauce wa saitin kwamfuta. Tun bayan da aka fitar da ƙa'idar aika tambayar DNS ta cikin HTTPS, rufaffiyar hanyar da burauza ke buɗe shafuka da ita, a 2018, Firefox da Chrome da Edge duk suna da wannan zaɓin, wayoyin Android kuma tun daga Android 9 suna da saitin DNS na sirri da ke bi ta tasha ta 853. Idan `ping` yana gano sunan cikin gida amma burauza ta kasa, ko waya ɗaya ce ke cewa babu intanet alhali ta samu adireshi daidai, a duba waɗannan saitunan kafin a taɓa saba.

Gajerun sunaye suna da tasu matsalar. Idan mutum ya rubuta `ajiya` kawai, kwamfuta tana liƙa masa sunan yankin da DHCP ta ba ta kafin ta tambaya. A gwada gajeren sunan da cikakken sunan, idan cikakken ya yi aiki gajeren ya ƙi, to sunan yankin ne bai iso ba ko an rubuta shi ba daidai ba a saitin DHCP. Wanda zai zaɓi sunan yanki na cikin gida ya guji ƙarewa da .local, domin tun 2013 an keɓe shi ga tsarin da na'urori ke gano juna da kansu ba tare da saba ba, ta tasha ta 5353, kuma kwamfutocin Mac da na Linux da yawa ba sa kai irin wannan sunan ga sabar DNS yadda ake zato. Ga hanyar sadarwar gida an ware home.arpa a 2018, ofis kuwa ya fi dacewa ya yi amfani da reshe na sunan da ya mallaka.

Wuri na ƙarshe da hidimomin biyu ke haɗuwa shi ne rajistar sunayen kwamfutoci. A tsare-tsare da yawa, idan na'ura ta samu haya, ita ko sabar DHCP tana rubuta sunanta da adireshinta a DNS. Idan ba a share tsofaffin bayanai, kwamfutar da ta sauya adireshi takan bar tsohon a rajista, a ba wata na'ura wannan adireshin, mai neman kwamfuta ta farko da suna ya faɗa kan ta biyu. Ana gane wannan ta tambaya daga ɓangarori biyu: a nemi sunan a ga adireshin da ya fito, sannan a ba `nslookup` wannan adireshin a ga sunan da zai mayar, a kuma kwatanta da jerin hayoyi na sabar DHCP, wanda shi ne ya fi kusa da gaskiyar lokacin. Sabar DNS ta Windows tana da tsarin share tsofaffin bayanai, amma a kashe yake zuwa, kuma sai an kunna shi a kan sabar da kuma a kan yankin kafin ya fara aiki. Kafin a kunna shi, a bi sunayen sabar da firintoci ɗaya bayan ɗaya a tabbatar an shigar da su a matsayin na dindindin marasa hatimin lokaci, domin duk bayanin da ke ɗauke da tsohon hatimi zai tafi a sharar farko.